Tseren Grand National: shekarun da masu dawaki ba su manta da su ba

"Malam, barka da aiki. Na ci karo da bidiyon wani tseren dawaki na Ingila da ake kira Grand National, inda dawaki ke tsallake shinge, wasu na zubewa da mahayansu. An ce mini ya haura shekara 180 ana yin sa. Don Allah waɗanne shekaru ne suka fi yin fice a tarihinsa, kuma me ya sa? In zan nemi guda ɗaya in kalla daga farko har ƙarshe, da wanne zan fara?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Abu biyu ka tambaya: shekarun da suka yi suna, da kuma wanda ya cancanci ka zauna ka kalla gaba ɗaya. Amsar ta biyun gajeriya ce, ka nemi na 1973. Sai dai in na tura ka yanzu ba ka san filin ba, ba ka san abin da nauyi ke yi wa doki ba, dawaki biyu kawai za ka gani suna gudu, abin da ya sa mutane ke hawaye a kansa ya wuce ka. Don haka bari mu bi a hankali.

Ni a barga na tashi, kuma na yi shekaru ina horar da dawakin sukuwa. Dawakinmu na fili ne, ban taɓa ɗora doki a kan shinge irin nasu ba, saboda haka duk abin da zan faɗa game da tsalle na ido ne, daga abin da na kalla na kuma maimaita kallo. Amma gajiyar doki da aikin hannun mahayi, waɗannan na san su a jikina, kuma da su nake auna tseren.

Filin da kansa

Ana yin tseren ne a filin Aintree, gab da birnin Liverpool, a watan Afrilu. Wanda ake ƙirgawa a matsayin na farko shi ne na 1839, wani doki mai suna Lottery ya ci. Nisan ya kusa kilomita 7, zagaye biyu ke nan. Shingaye 16 ne a filin, ana tsallake 14 daga cikinsu sau biyu, biyu kuma sau ɗaya, jimla tsalle 30. An lulluɓe su da koren reshen itace, shi ya sa kake ganin ganye na tashi duk lokacin da doki ya shafi kan shinge.

Huɗu daga ciki ka riƙe sunansu. Becher's Brook shi ne na 6 da na 22, ya samo suna daga Kyaftin Martin Becher wanda ya faɗa ramin ruwan wajen a 1839. Sharrinsa shi ne inda doki zai dira ya fi inda ya tashi zurfi, sai ya miƙa ƙafa yana neman ƙasa bai same ta inda ya zata ba. Na biye da shi ƙaramin shinge ne, za mu dawo kansa. Sai Canal Turn, inda da dirar doki dole a karya linzami hagu nan take. Sai The Chair, na 15, mafi tsayi, ƙafa 5 da inci 2, ga rami mai faɗin ƙafa 6 a gabansa. Bayan shinge na ƙarshe kuma akwai fili na yadi 494 kafin layin ƙarshe, a tsakiyarsa da wata 'yar kwana da suke kamantawa da gwiwar hannu. Wannan filin na ƙarshe ya fi kowane shinge karya zuciyar mahaya.

Abu na ƙarshe da za ka sani shi ne ba nauyi ɗaya dawakin ke ɗauka ba. Hukumar tseren tana duba tarihin kowane doki, wanda ya fi ƙwarewa a ƙara masa dalma a ƙarƙashin sirdi, domin kowa ya sa rai. Ka riƙe wannan, shi ne rabin labarin 1973.

Ta leƙo ta koma

A 1956 dokin Uwar Sarauniyar Ingila, Devon Loch, ya tsallake duk shingaye 30 lafiya lau. Mahayinsa Dick Francis ne. Ya ba na biye da shi tazarar tsawon doki biyar, saura kamar yadi 40, jama'a sun miƙe suna ihu, mai dokin tana kallo. Sai dokin ya ɗan yi sama kamar mai shirin tsalle alhali babu komai a gabansa, ƙafafunsa suka baje, ya zauna da ciki. Dokin da ke biye da shi, E.S.B., ya wuce shi ya ci. Likitocin dabbobi sun duba shi ba su ga wata cuta ba, daga baya ma ya koma tsere har ya yi nasara. An ba da dalilai iri-iri. Wasu sun ce ya hango shingen ruwan da ke gefensa ne ya ɗauka tsalle ya zo, wasu sun ce jijiyar cinya ce ta riƙe, shi kuwa Francis ya tafi a kan cewa ƙarar jama'a ce ta firgita shi.

Ni na fi karkata ga maganar mahayin, don na ga irinta. Akwai wani kili da na taɓa horarwa, natsattse ne ƙwarai a kilisa. Ranar wata sukuwa yana kan gaba, da ya zo daidai rumfar manyan baƙi makaɗa suka saki ganga lokaci ɗaya, mata suka rangaɗa guɗa. Na ga kunnuwansa sun miƙe, bayansa ya ƙage, ya yi wata irin daburcewa da ƙafafun baya kamar an ja masa dabaibayi. Bai faɗi ba, amma dawaki biyu suka wuce shi. Gajiyayyen doki ba ya da sauran ƙarfin da zai gyara kansa in ya firgita. In ka kalli bidiyon Devon Loch ka dubi kunnuwansa daf da faɗuwar, a miƙe suke. An ruwaito cewa Uwar Sarauniya ba ta ce komai ba illa haka tsere ya gada. Francis bai taɓa cin tseren ba har ya ajiye sirdi.

Rabon kwaɗo

Na 1967 kusan kishiyar wancan ne. Dawaki 44 suka tashi. Cikinsu akwai Foinavon, wanda masu caca suka sa a 100 a kan 1. Ni ba ruwana da caca, na kawo lissafin ne don ka ga yadda aka raina shi. Mai shi bai zo ba, mai horar da shi, John Kempton, ya tafi wani tseren a garin Worcester, mahayinsa John Buckingham kuwa ranar ya fara hawa a Grand National.

Tun a shinge na farko wani doki, Popham Down, ya rabu da mahayinsa, ya ci gaba da gudu tare da sauran babu kowa a kansa. Dokin da ba mahayi shi ne abin tsoro a kowane tsere, mu ma mun san haka, don ba ya jin linzamin kowa. Suna isa shinge na 23, ƙaramin nan na bayan Becher's, ƙafa 4 da inci 6 kacal, sai ya fasa tsalle ya gilma a gaban na kan gaba. Nan wuri ya hargitse. Wasu suka ci birki mahaya suka wuntsila ta kansu, wasu suka afka cikin shingen, wasu suka juya suna gudu baya. Foinavon yana can baya nesa, kuma wannan ratar ce ta cece shi. Buckingham ya samu lokacin ganin abin da ke faruwa, ya ja shi ta gefen waje, ya sami 'yar kafa, ya tsallaka. Ya duba bai ga kowa a gabansa ba.

Mutane kan ce sa'a ce kawai. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, gaskiya ne, amma ban yarda a tsaya nan ba. Doki dabbar garke ce, in ya ga 'yan'uwansa sun tirje shi ma tirjewa yake. A sa doki ya ratsa cikin wannan hayaniya, ya yi tsalle kusan daga sassarfa, sannan ya yi sauran tsalle bakwai shi kaɗai ba wanda yake bi, wannan aikin mahayi ne da dokin da ke jin magana. Dawaki 17 suka sake shiri suka biyo shi. Wanda aka fi sa wa rai, Honey End, da Josh Gifford a kai, ya matso sosai amma ya ƙare na biyu da tazarar tsawon doki 15. A 1984 aka raɗa wa shingen sunan Foinavon.

Irin wannan zubewar ta faru a wasu shekarun. A 1928 dawaki 42 suka tashi, biyu suka kai, Tipperary Tim ya ci, na biyun ma sai da mahayinsa ya sake hawa bayan ya faɗi. A 2001 ruwan sama ya mai da filin caɓi, cikin 40 huɗu suka kammala, Red Marauder a gaba.

Josh Gifford ɗin nan da ya sha kaye a hannun Foinavon, shi ne ya horar da dokin da ya ci a 1981, kuma wannan shekarar ba don gudu ake tuna ta ba. Mahayin, Bob Champion, an gano yana da ciwon daji a 1979, ya sha maganin da ya zubar masa da gashi ya rage masa ƙarfin huhu. Dokin, Aldaniti, shi ma a ƙarshen wannan shekarar ya ji mummunan rauni a ƙafa, har aka ba da shawarar a hutar da shi da rai, mai shi ya ƙi. Ya yi watanni a tsaye a barga. Duk wanda ya taɓa jinyar ƙafar doki ya san wahalar hana lafiyayyen doki motsi na mako ɗaya, balle watanni. Gifford ya yi wa Champion alkawarin hawan na jiransa, ya kuma cika. Sun kusa faɗuwa a shinge na farko, suka gyara, suka ci da tazarar tsawon doki huɗu. Wanda ya zo na biyu dattijo ne mai shekara 54, John Thorne, a kan Spartan Missile, dokin da shi ya kiwata ya kuma horar.

Akwai shekaru biyu da abin da ya faru a wajen gudu ne ya sa suka yi suna. A 1993 an yi tashin kuskure sau biyu, a na biyun igiyar tashi ta naɗe wuyan wani mahayi, amma saƙon a dawo bai isa ga mahaya ba. Dawaki 30 cikin 39 suka tafi, bakwai suka yi zagaye biyun cif, Esha Ness ya shigo na farko, sannan aka gaya wa mahayinsa John White an soke tseren. A 1997 kuma barazanar bam ce ta sa aka kwashe mutane kusan 60,000 daga filin ranar Asabar, motoci da kaya duk aka bar su a ciki, mutanen unguwannin kusa suka buɗe gidajensu suka saukar da baƙi. Ranar Litinin aka yi tseren, Lord Gyllene ya ci. Na baya-bayan nan kuwa ka riƙe Tiger Roll da ya ci a 2018 da 2019 a jere, da Rachael Blackmore, mace ta farko da ta ci, a kan Minella Times a 2021, ranar da babu 'yan kallo saboda korona.

Ba zan ɓoye maka ɓangaren da ke ci mini rai ba. Dawaki sun mutu a wannan tseren, ba ɗaya ba ba biyu ba. A 2012 kaɗai biyu suka mutu, ɗaya daga ciki Synchronised, wanda wata ɗaya kafin nan ya ci babban kofin tseren tsalle da ake yi a garin Cheltenham. Daga 2013 aka cire katakon da ke cikin shingayen aka sa roba mai lanƙwasa, an cike wani ɓangare na zurfin Becher's, an riga an hana sake hawa bayan faɗuwa, daga 2024 kuma aka rage yawan dawaki daga 40 zuwa 34. Tsofaffin 'yan kallo na ƙorafin an rage wa tseren armashi. Ni wanda ya taɓa riƙe kan doki yana shure-shuren mutuwa, ina goyon bayan kowane gyara cikin waɗannan. Ka dai sani cewa filin da za ka gani a tsofaffin bidiyo ya fi na yau tsanani nesa ba kusa ba.

Crisp da Red Rum

Yanzu ga 1973. Dawaki 38 suka tashi, biyu aka fi sa wa rai. Crisp ƙaton doki ne mai duhun jiki, daga Ostareliya aka kawo shi, Fred Winter ke horar da shi, Richard Pitman ke hawa. Gwanin gajeren zango ne, a 1971 ya ci gasar mil biyu ta Cheltenham, ga shi an kawo shi tseren da ya ninka haka ya ɗora. Saboda ƙwarewarsa aka aza masa nauyi mafi yawa, kilo 76. Red Rum kuwa kusan kilo 66 ya ɗauka. Bambancin kilo 10 da ɗoriya ne. A tunanin wanda ba ya hawa wannan ba komai ba ne. Mu da ke auna yara kafin mu ba su hawa mun san kilo biyu ma yana nunawa a ƙarshen gajeriyar sukuwa, ina ga kilomita 7 da tsalle 30.

Asalin Red Rum ma abin ji ne. Doki ne da ya sha wuya a hannu da yawa, yana fama da ciwon ƙashin cikin kofato. Ginger McCain, mai sayar da tsofaffin motoci kuma direban tasi a garin Southport, shi ya saye shi a 1972 da kuɗin wani dattijo, Noel Le Mare. Bargarsa na bayan shagon motocin, ba shi da filin kilisa sai rairayin bakin teku. Dokin ya fita yana ɗingishi, aka shigar da shi ruwan gishiri, ya fito yana taka ƙafa daidai. Wannan bai ba ni mamaki ba. Da rani ni ma rairayin kogi nake kai dokin da kofatonsa ke zafi, in tsayar da shi cikin ruwa mai sanyi, in bar shi ya yi tafiya a inda ƙasa ba ta dukan ƙafa. Ba magani ba ne ga kowane ciwo, amma ga irin wannan yana aiki.

Da aka tashi, Crisp ya kama gaba-gaba tun da wuri. A The Chair dokin da ke gogayya da shi, Grey Sombrero, ya faɗi, sai ya rage shi kaɗai. Daga nan abin da ya yi ban taɓa ganin irinsa ba. Yana zuwa shinge ba ya rage gudu, ba ya lissafi, sai ya tashi tun daga nesa ya dira yana ci gaba kamar ba a sa komai a gabansa ba. Ya haye Becher's karo na biyu kamar mai tsallake kwata. Kyamara ta ja baya tana neman na biyu, da ƙyar ta samo shi. Brian Fletcher a kan Red Rum ya gane in ya jira sauran ba mai kamo wannan doki, sai ya fita daga garke ya fara bi shi kaɗai, tun da sauran tafiya mai nisa. Bai yi gaggawa ba, bai kuma sassauta ba.

A shinge na ƙarshe Crisp na gaba da tsawon doki 15. Amma ƙarfinsa ya ƙare. Alamun a bayyane suke ga mai ido: ƙafafun da ke miƙewa gaba sun koma ɗagawa sama suna dira wuri ɗaya, kai ya fara lilo, kunnuwa sun saki. A nan Pitman ya yi kuskuren da shi da bakinsa ya yi ta faɗa shekara da shekaru. Ya ɗauke hannun dama daga linzami ya kai wa bulala. Dokin ya kauce hagu, alhali dama ya kamata ya bi don ya zagaye 'yar kwanar nan. Kafin ya dawo da shi hanya sun yi asarar tsawon doki biyu ko uku.

Wannan darasin shi nake fara koya wa duk yaron da ya zo hannuna. Dokin da ya gaji, linzami ne ke riƙe da shi, kamar yadda kake tallabe mara lafiya. Hannunka biyu su ke haɗa masa gaba da baya. Ka saki ɗaya, ya watse. Bulala tana amfani ga dokin da ke da sauran ƙarfi yana ɓoyewa, wanda ya ba da duk abin da ke jikinsa ba abin da za ta ƙara masa sai rikicewa. Kuma ba na ganin laifin Pitman yadda wasu ke gani. Yana jin ƙarar kofato na matsowa a bayansa, yana jin hucin Red Rum, ga layi yana hangowa. A irin wannan lokacin hannu kan riga tunani. Na yi irinsa, na kuma rasa tseren da ke hannuna.

Saura taku biyu Red Rum ya cim masa, ya ci da tazarar da ba ta kai tsawon doki ɗaya ba, kashi uku cikin huɗu. Lokacin ya kama minti 9 da daƙiƙa 1.9, ya rushe tsohon tarihin saurin tseren da fiye da daƙiƙa 18, kuma ba a karya shi ba sai a 1990, lokacin da wani doki mai suna Mr Frisk ya ci. Na uku, L'Escargot, wanda ya ci kofin Cheltenham sau biyu, yana can baya da tsawon doki 25. A ƙarshen shekarar aka sake haɗa Crisp da Red Rum a filin tseren Doncaster da nauyi daidai wa daida, Crisp ya ci da rata mai kyau, amma ya ji rauni a ƙafa a wannan tseren, bai ƙara komawa Grand National ba.

Ranar mutane da yawa sun ji haushin Red Rum, suna ganin ya ƙwace abin da ba nasa ba. Shi ya wanke kansa. A 1974 aka aza masa kilo 76 ɗin nan da Crisp ya ɗauka, ya ci. A 1975 ya zo na biyu bayan L'Escargot, a 1976 na biyu bayan Rag Trade. A 1977, yana shekara 12, ana cewa ya tsufa, Tommy Stack ya hau shi ya ci karo na uku da tazarar tsawon doki 25. Ba dokin da ya taɓa cin uku sai shi. Tsalle 150 ya yi a wannan tseren bai faɗi ko sau ɗaya ba, kuma in ka lura ba ƙarfin tsalle ne sirrinsa ba, ido ne. Yana gyara taku kafin shinge, yana kauce wa wanda ya faɗi tun kafin mahayi ya ja shi. Ya mutu a 1995 yana shekara 30, aka binne shi a gefen layin ƙarshe na Aintree.

Cikakken bidiyon 1973 yana nan a YouTube, tseren bai wuce minti goma ba. Ka kalle shi sau biyu. Na farko ka bi shi yadda kowa ke bi. A na biyu ka manta da wanda zai ci, ka ƙura wa Crisp ido tun daga Becher's na zagaye na biyu, ka lura da inda takunsa ya fara gajarta. Da ya dira daga shinge na 30, ka mai da idonka kan hannun daman Pitman.